Dusar Layi na Bakwai

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, samarin nan namu da aka haifa a nan Madina suka taru a ƙofar gidana a Jurf, suna shan shayina suna yi da ni a gabana. Ɗaya daga cikinsu, irin waɗanda in ka yi musu Hausa sai su dawo maka da Larabci, ya ce, "Ya ammi Ilu, wallah shugulak sahal." Wai aikina ba wuya. Wai dabbar da nake kiwo ba ta gudu, ba ta kuka, ba ta tunkuyi, ba a kai ta mashaya, ko abinci ba a ba ta. Wai in shi ne, daga kan gado zai yi kiwon da waya. Duk suka kwashe da dariya, har da wanda ya fasa mini kofi.

Ban tanka musu ba, don in na buɗe baki sai su ce tsoho ya fara. Na ce zan rubuta. Karatuna aji uku ne a Maigatari, na ukun ma rabinsa a kasuwar raguna na yi shi. Saboda haka duk wanda ya ga baƙi ya karkace ya miƙe abinsa, kada ya biyo ni gida.

Abin da nake kiwo, Larabawa mahar suke ce mata. An ce mini a littafi kawa ce sunanta da Hausa. Ni dai na haura sittin ina Hausa, ban taɓa jin wanda ya kira ta ba. In ka gan ta sai ka ɗauka dutse ne mai ƙazanta, sai an ɓare ka tarar da rai a ciki. Tana da ƙanwa baƙa, doguwa, kamar makankarin da iyayenmu mata ke kankare ƙanzo da shi, ita balah muke ce mata. Ba kai, ba ƙafa, ba ido. Baki ne kawai, shi ma a rufe. Da ana samun surukai haka, da duniya ta zauna lafiya.

Ni asalina mai raguna ne. Shekara ashirin da shida na yi a kasuwar dabbobi ta Madina ina yi wa Abu Nayif kiwo, wani tsohon Balarabe mai jan gemu na lalle, wanda in ya dafa gindin wutsiyar rago zai gaya maka abin da ya ci shekaranjiya. Shi ne kafilina. Wato iƙamata, takardar izinin zama, da ta matata Talatu a hannunsa suke, ranar da ya ƙi sabunta mana, ranar za mu fara ɗaure kaya. A shekaruna ba wani kafilin da zai ɗauke ni, Maigatari kuma waɗanda suka san ni yawancinsu suna maƙabarta. Wata rana 'ya'yansa suka zuga shi ya sayar da garken ya buɗe gonar mahar a bakin teku, can gaba da Yanbu. Ya kira ni ya ce, "Ya Ilu, kiwo kiwo ne. Tafi."

Na ce, "Ɗal umrak," wato ranka ya daɗe, "ban iya ruwa ba."

Ya ce, "Su ma ba su iya ba. A kwando suke."

Ranar farko aka haɗa ni da Usman, Bahaushen Bor Sudan, wanda kakansa ya taso daga Katsina a ƙafa zai zo hajji, ya tsaya hutawa a hanya, har yau zuri'arsa ba ta gama hutun ba. Ubansa ma aikin ƙwaryar teku ya yi, shi kuma a cikin kwalekwale ya yi wayo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya zol," wato kai malam a bakin mutanen Sudan, "kai ne makiyayin?" Ya miƙo mini safar hannu mai kauri, da buroshin ƙarfe, da wata guntuwar wuƙa tsawon ɗan yatsa wadda ko albasa ba za ta yanka ba. Na tambaye shi ina sanda. Ya ce in na ga wadda ta fita daga garke in zo ya ba ni.

Gonar igiyoyi goma sha biyu ce, kowace an miƙe ta a kan ruwa an daddaure ta da tulunan roba masu iyo, kwandunan raga suna reto a ƙarƙashinta. Layi muke ce wa kowace igiya. To ku masu kiwo da waya, ku saurara. Kwando ɗaya in ya jiƙe ya yi ciyawa, nauyinsa ya kai ɗan maraƙi, kuma da hannu za ka jawo shi cikin kwalekwalen da ke rawa a ƙarƙashinka. Ka girgiza shi sosai don bakin ƙwaryar ya kakkarye, ta yi zurfi maimakon ta yi tsawo kamar takalmi. Ka kankare ciyawa da 'yan ƙwarin da ke manne mata suna tare mata ruwa. Ka shanya ta a iska har su ƙwarin su mutu, amma ka mayar da ita kafin ita ta bi su, kuma tsakanin biyun nan ba agogo, sai ido. Ka tace su a rariya, manya da manya, ƙanana da ƙanana, don babba tana danne ƙarama ko a teku. Sannan ka riƙa ƙwanƙwasa su biyu-biyu kusa da kunne. Mai rai sautinta a cike yake. Wadda ta ce ƙwal kamar fankon ashana ta riga mu gidan gaskiya. In ka ga ɗaya ta buɗe baki, ka taɓa ta. Ta rufe, lafiya lau, hamma take yi. Ba ta rufe ba, ka jefar.

Gefen ƙwaryar nan ya fi aska, safar hannu kuwa ba ta kai sati. Duk yankan da ka samu, ruwan gishiri zai shiga ya gaishe shi kullum har wata guda. Sati biyun farko kuma, abin da na ci da safe, kifi ne ke cinsa da hantsi.

Sai Dokta Bashir, ɗan Kano, malamin jami'a da aka ɗauko don ya riƙa duba lafiyar ruwa. Sau biyu a mako yake zuwa, da kwalabe da wata sanda mai waya da yake tsomawa. Yaron kirki, Baba yake ce mini. Ranar da muka fara haɗuwa ya zaunar da ni ya ce, "Baba, doka ɗaya ce a gonar nan. Ba a zuba musu komai. Ruwa suke tacewa su ci abin da ido ba ya gani. Kifin gona sai an ba shi abinci, ya ci ya ɓata ruwa. Waɗannan kuwa inda suka zauna ruwa ƙara haske yake yi. A kan haka aka ba mu izinin wurin, haka kuma aka rubuta a jikin kowane kwali. In mun kiyaye, jikokinmu za su yi kiwo a nan ba abin da ya ragu."

Na ce, "To da safe fa?"

"Ba komai, Baba."

"Da yamma?"

"Ba komai."

"Ko ranar Juma'a?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ranar da na fara cin mahar, Usman ne ya ɓare mini a cikin kwalekwale. Ya cusa guntuwar wuƙar nan ta ƙeya, ya murɗa, ya miƙo. Na ce, "An yanka?"

"Na teku ba a yankawa. Je ka tambayi kowane malaminku."

"To ta mutu?"

"In ta mutu ka ci, kai ma ka bi ta. Da ranta ake ci."

Ya matsa mata lemun tsami, na ga gefenta ya motsa kamar mai jin kunya. Na yi bisimilla sau uku, ɗaya tawa, ɗaya tata, ɗaya ta duk wanda zai riga wani tafiya a cikinmu. Na haɗiye. Wallahi kamar teku ce ta yi mura ta fyace mini a baki. Na yi alwashin ba zan ƙara ba. Bayan kwana goma Usman ya kama ni a bayan inji ina ɓare ta huɗu.

Balah kuwa dafawa ake yi. Na kai wa Talatu rabin bokiti, ta leƙa ta ce, "Malam, shekara talatin ina dafa maka nama, yau tsakuwa ka kawo mini?" Na shiga madafa da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Albasa, attarugu, 'yar daddawa, ruwa kaɗan, ka zuba ka rufe tukunya. Kafin ka idar da raka'a biyu sun buɗe. Wadda ta ƙi buɗewa ba a yi mata dole, a jefar. Talatu ta ci ɗaya don kada in ji haushi, ta ci ashirin don kada a yi asara, ta shanye romon ta ce gishiri ya yi yawa.

Kowace Alhamis ni ke bin motar sanyi zuwa Madina da kaya, in kwana biyu a gida in koma Asabar. Hanyarmu ta Bi'ir Ali take shigowa, kuma in Allah ya haɗa ka da motocin masu umara sun fito daga miƙati, sai ka zauna kana amsa musu talbiyya da baki, zuciyarka tana kan ƙanƙarar da ke narkewa a baya. Masu sayenmu kala-kala ne. Kukun manyan otal sai ya shinshina kowace ɗaya kamar mai neman aure. Mutanen Indunusiya da Malesiya ba sa tambaya, kwashewa suke yi. Wasu 'yan Pakistan suka ce malamansu ba su yarda da ita ba, na ce Allah ya ba mu alheri, nawa malaman sun yarda. Akwai wani gidan abinci a Aƙiƙ da samari ke saye don su ɗauki hoto, hoton ya ci, su su tafi su sayi shawarma. Hausawa kuwa mutum ɗaya na samu, wani mai kantin magani, shi ma ta ƙofar baya yake karɓa, yana cewa, "Alhaji, don Allah kada mutanen gida su ji."

Duk wannan da na lissafa, jiki ne ke shan wahalarsa, jiki kuma yana sabawa. Abin da ya gagare ni daban ne. Sabo turken wawa. Mutumin da ya tashi tun yana yaro da kukan rago a kunne, ya san dabba da safe tana jiran hannunsa, yau an ce ya tsaya a kan dubban bayin Allah ya kalle su ya wuce. Rago in yana jin yunwa zai gaya wa unguwa. Waɗannan shirun nasu ne ya hana ni sakat. Na ce a raina, ai wanda ba ya iya roƙo shi ya fi cancanta a ba shi.

Layi na bakwai yana can cikin wani lungu bayan duwatsu, inda ruwa ba ya tafiya sosai, daga ofis kuma ba a hango shi. Maharsa ta fi ta ko'ina rama. In ka ɓare sai ka ga abu kamar tsumma. Wata Alhamis na biya ta wajen tsofaffin abokaina a kasuwar dabbobi na auno dusar alkama mudu biyu. Na tankaɗe ta da rariyar Talatu har ta yi laushi kamar hoda, na barbaɗa 'yar kanwa, don ba makiyayin ƙwarai da zai ba da dusa ba kanwa. Ranar Asabar bayan azahar, kowa ya shige inuwa yana ƙailula, na dama ta a bokiti, na tuƙa kwalekwale zuwa lungu, na bi layin ina tsiyayawa. Na leƙa ruwa. Na rantse muku na ga sun buɗe baki. Ranar na yi barcin da ban yi ba tun da na bar raguna.

Mudu biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama buhu. Ina ɓoye shi a ƙarƙashin kwalayen da babu komai in mota za ta koma. Talatu ta ga buhuna suna shiga suna fita, ta yanke wa kanta cewa rago na turke a bakin teku don layya, ta kuma gaya wa matan Jurf. Maƙwabtan da ba sa amsa mini sallama suka fara tambayar lafiyar ƙafata.

Haka muka ci lokacin sanyi gaba ɗaya. Sai ran nan Dokta ya ɓare mahar layi na bakwai ya yi kabbara. Ta cika ƙwarya fam, fara sol, kamar kitsen wutsiya. Ya ɓare goma, duk haka. Ya kafa sandarsa mai waya a lungun tana awo dare da rana, ya ɗebi ruwan a kwalabe ya tafi da shi jami'a, ya dawo idonsa ja don rashin barci. Ya ce ruwan wurin yana da wani albarkacin da babu shi a duk gaɓar nan, wataƙila wani marmaro ne a ƙarƙashin ƙasa. Ya kira ni ya nuna mini zane a kwamfuta.

"Baba, ka ga wannan hawan? Kullum bayan azahar yake tashi. Abin da ya ɗaure mini kai, ban da Alhamis da Juma'a."

Na ce, "Ikon Allah. Ashe ruwa ma yana hutun ƙarshen mako."

Ya rubuta wani abu a littafinsa. Har yau ina fatan ba maganata ya rubuta ba.

Bazara na ƙaratowa aka kira taro. Abu Nayif ya zo da kansa daga Madina. Dokta ya ce a kwashe duk layukan a mayar da su cikin lungun, gona gaba ɗaya ta yi ƙiba. Usman ya miƙe ya ce, "Ya Dokta, lungun nan tukunya ce. Ruwan ba ya shiga ba ya fita. Da sanyi ba laifi, amma zafi ya sauka dahuwa za su yi."

Dokta ya ce, "Malam Usman, ga abin da awo ya nuna."

Usman ya ce, "Ni hancina ne awona. Ruwan nan warin turke yake yi, ban san dalili ba."

Na sunkuyar da kai ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Abu Nayif ya juyo ya ce, "Ya Ilu, kai me ka gani?"

Na ce, "Ɗal umrak, ni na raguna ne."

Aka bi takarda. Usman ya cire safar hannunsa ya ajiye a kan tebur a hankali, ya fita. Yaran ofis suka riƙa ce masa mai hanci.

To ga ni gaba kura baya sayaki. In na faɗa, na karya doka ɗaya tilo da aka ba ni, na mayar da rubutun jikin kwali ƙarya, na mayar da Dokta abin dariya, ga iƙamata saura wata biyu ta ƙare. In na yi shiru, gona ta dahu. Da yake ni mai hikima ne, sai na nemo hanya ta uku. Na daina ba layi na bakwai, na koma zuba dusa a layi na uku, can inda ruwa ke gudu, wai don Dokta ya ga marmaronsa ya yi ƙaura ya fasa. Ina zubawa igiyar ruwa tana kwashewa tana yin Masar da ita. Kwana tara na yi ina ciyar da Bahar Maliya. Dokta kuwa da ya ga zanensa ya faɗi, sai ya ce marmaron ya ɗan ja baya ne saboda canjin yanayi, a yi sauri a kwashe kafin ya dawo.

Ɗaga layi ba wasa ba ne, kowane sai an tono anka an sake kafawa, mako guda yake ci. Muka kai na goma sha biyu. Muka kai na goma sha ɗaya. Ranar da muka ɗauko na goma, muna cikin kwalekwale mu uku, ni da Usman da Dokta, muna jan igiya a baya. Muna shiga lungun Usman ya tsoma hannu a ruwa. Ya goge hannun a riga ya kau da kai. Ni ma na tsoma. Ruwan ya yi ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri, tun zafin gaske bai zo ba.

Na ce, "Usman, kashe injin."

Ya kashe. Na ce, "Dokta, marmaron nan naka, ni ne."

Na faɗa musu komai, tun daga mudu biyun farko. Dokta ya leƙa ruwa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Dusar me?"

"Alkama."

"Kullum nawa?"

"Bokiti biyu. Ranar da na ga sun yi mini fara'a, uku."

"Ita kaɗai?"

"Da kanwa."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Baba, shafi arba'in na rubuta."

Usman ya fashe da dariya har ya kwanta a kan kwanduna, kwalekwale yana tangaɗi. Can sai dariyar ta tsaya cak. Ya tashi zaune ya ce, "Ya zol, kana zaune a wurin aka ce mini mai hanci." Ya tayar da inji ya juya da mu. Daga ranar bai sake yi mini magana ba sai ta aiki.

Layi na goma ya tsira, don bai kwana a lungun ba. Sauran biyun muka fara kwasowa, amma zafi ya riga mu. Shekarar nan bazara ta zo da wuri, ta zo da fushi, iska ta ɗauke ɗif. Mahar kuma in ta galabaita, taɓa ta ma kashe ta yake yi. Rabin layi ɗaya muka fitar. Ragowar, da na bakwai da na yi wata da watanni ina shagwaɓawa, duk suka buɗe baki ba su rufe ba. Dusar da ta kwanta a ƙasan lungun ta ruɓe ta ƙara musu. Ko layukan da ke cikin ruwa mai gudu sai da zafi ya taɓa su, amma su sun tashi. Wanda bai shaƙi warin kwandon mahar da ta kwana uku da mutuwa ba, kada ya ce ya san wari. Ni aka ba aikin zazzagewa, kuma ban ce don me ba. Kwana goma sha ɗaya ina tara ƙwarya a bakin gaɓa har ta yi tudu. Wata uku motar sanyi ba ta je Madina ba. Dokta da hannunsa ya rubuta wa hukuma abin da ya faru, aka zo aka duba, aka hana mu lungun har sai ya warke.

Sai Abu Nayif ya aiko in same shi a gidansa a Aƙiƙ bayan la'asar. Kafin in fita na ce wa Talatu ta fara duba tukwanen da za su shiga jirgi. Ta ce, "Ragon fa?" Na ce ya rasu.

Na tarar da majalisa cike, ga 'ya'yansa, ga Dokta, ga Usman. Ba a ba ni gahawa ba. Tsohon ya yi ta faɗa har gemunsa na rawa. Ya kira ni da sunayen dabbobin da muka yi kiwo tare, da waɗanda ba mu yi ba. Babban ɗansa ya ce magana ɗaya ce, a buga mini fita ba dawowa. Dokta, Allah ya saka masa, ya ce laifin har da nasa, tun da ya yarda da kwalba ya ƙi yarda da mutumin da ya tsufa a ruwa. Abu Nayif ya ce in tashi in sumbaci kan Usman a gaban kowa. Na tashi na yi. Usman ya ce, "Kanka ma warin dusa yake," na san ya huce. Aka yanke cewa ba zan ƙara shiga kwalekwale ni kaɗai ba, kuma kullum da safe a laluba mini aljihu. Maganar iƙama kuwa ba wanda ya taɓa ta. Tsohon ya ce kowa ya fita, ban da ni.

Ya tashi da kansa ya rufe ƙofa. Ya dawo ya zauna dab da ni har gwiwarmu na haɗuwa. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya rage murya.

"Layi na biyu," ya ce.

Na ce, "Ɗal umrak?"

"Sha'ir. Duk zuwan da na yi, a aljihun jallabiya. In ce zan zaga in ga gona, in watsa musu. Shekara guda cur, ya Ilu. Ko ɗaya ba ta yi ƙiba ba. Kai me ka yi naka suka ci?"

Na ce, "Ka niƙa?"

"A'a."

"Haka ka watsa musu, tsaba?"

"Haka nake ba raguna."

Na ce, "Ɗal umrak, ba su da haƙori."

Ya dafe goshi kamar wanda aka gaya wa rasuwa. Can ya ce, "Haram dabba ta kwana ba a ba ta komai ba. Amma Dokta ya yi gaskiya, mu ne ba mu da hankali. Daga yau ni da kai mun tuba." Ya zuba mini gahawa da hannunsa. "Gobe ka kawo iƙamarka da ta matarka. In maganar nan ta fita, ni da kaina zan kai ka filin jirgi."

Na riƙe masa amana shekara huɗu, kuma da Larabci har gobe ban faɗa wa kowa ba. Abu Nayif ba ya karanta Hausa. Dokta yana karantawa. To Dokta, in takardar nan ta iso hannunka, ka gafarci tsofaffi. Kifayen nan masu ƙiba da suka yi shekara suna taruwa a ƙarƙashin layi na biyu, waɗanda ka ce za ka rubuta wani littafin a kansu, kada ka rubuta.